Sabon zuwa teburin wasa ba ɗan rakiya ba ne

Daren da ƙanen wani abokinmu ya fara zama da mu, mun riga mun yi shekara ɗaya da rabi muna jan labari guda a wasan Dungeons & Dragons. Jarumanmu huɗu duk suna mataki na bakwai. Yaron ya zo da ɗokinsa. Mako guda ya shafe yana tsara wani matsafi, ya raɗa masa suna, ya ƙirƙira masa gari da dangi, har da dalilin da ya raba shi da gida. Mai jan wasanmu, mutum ne mai riƙo da ƙa'ida, ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Ƙanena, kowa da ka gani a nan daga mataki na ɗaya ya taso. Kai ma daga nan za ka fara." Babu wanda ya tanka a cikinmu. Ni ma ban tanka ba, kuma shirun nan ne har yau yake ci min rai.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, tatsuniya ce ake yi da baki a kewayen tebur, sai dai ba mutum ɗaya ke bayar da ita ba. Mai jan wasa shi ke riƙe da duniyar labarin: garuruwa, sarakuna, dodanni, kogunan da aka ɓoye dukiya. Sauran kowa na riƙe da jarumi ɗaya, yana faɗin abin da jarumin zai yi. In abin na da haɗari, a jefa dayis irin na ludo, amma babbansu fuska ashirin gare shi. Ba kuɗi ake zubawa ba, ba kuma wanda ke cinye wani, duk gefe ɗaya ake. Jarumi na tara maki a kan abin da ya tsallake, makin su ɗaga shi daga mataki zuwa mataki, daga na 1 har na 20 a bugun da ake yayi yanzu. Kowane mataki na ƙara masa ƙarfi da dabaru da abin da yara masu buga gem suke kira jini, wato yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi.

To, matsafin yaron nan jininsa 8 ne. Barden da nake riƙe da shi nasa 60. Zama biyu yaron ya yi yana laɓe a bayanmu, in an fara faɗa ya nemi ginshiƙi ya tsaya, in an gama ya fito. A zama na uku wani matsafin abokan gaba ya wurgo mana dunƙulen wutar nan da duk mai wasan ya sani, wanda ake jefa wa dayis takwas masu fuska shida, galibi jimillar ta faɗo wajen 28. Bardena ya sha, ya karkaɗe riga, yana da sauran fiye da rabin jininsa. Dokar wasan kuwa ta ce in duka ya cinye jinin jarumi duka, ragowar dukan kuma ta kai yawan cikakken jininsa, ba suma ba ce, mutuwa ce nan take. A cire 8 daga 28, saura 20. Ko motsi bai yi ba a wannan faɗan. Ya tattara takardarsa, ya zauna yana kallonmu har ƙarfe sha ɗaya, saboda yayansa ne zai mai da shi gida.

Ra'ayina tun daga ranar bai sauya ba: a irin wasan da yawancin mutane ke yi yau, sabon jarumi ya shigo daidai da matakin sauran, ko mai shi baƙo ne, ko tsohon ɗan wasa ne da jaruminsa ya mutu. Ba ƙasa da mataki ɗaya ba, ba "ka fara daga tushe ka kamo mu" ba. Mataki ba ladan wahalar mutum ɗaya ba ne, ma'auni ne na inda labarin ya kai, kuma na teburin ne gaba ɗaya.

Amma mai jan wasanmu ba mugu ba ne, kuma ba daga kansa ya ƙago dokar ba. Gado ya tarar. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a 1974, abin da suke nufi da doguwar tafiya ya sha bamban da namu. Littafin farko ya ce tafiya ɗaya na iya ɗaukar 'yan wasa daga huɗu har hamsin. Ba wai hamsin za su zauna dare ɗaya ba. Yau waɗannan su zo, jibi waɗancan, kowa da jaruminsa a matakin da ya kai. A irin wannan tsari ba a ma san wani abu wai shi matakin ƙungiya ba. Ko waɗanda suka fara rana ɗaya ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa, domin kowane irin jarumi da nasa tsani: a bugun 1981 ɓarawo na hawa mataki na biyu da maki 1,200, barde sai ya tara 2,000, matsafi 2,500. Bambancin mataki a tebur shi ne al'ada.

Abin da ya fi muhimmanci, tsanin na wancan zamani ninkawa yake yi. Barde na bukatar 2,000, sai 4,000, sai 8,000, sai 16,000, sai 32,000, sai 64,000 ya kai mataki na bakwai, sannan 120,000 na takwas. A yi lissafi: kafin tsohon barde ya tara maki 56,000 da za su ɗaga shi daga bakwai zuwa takwas, sabon da ke karɓar rabo daidai da nasa ya kai mataki na shida. Kuma yawancin makin nan ba daga faɗa suke zuwa ba, daga dukiya ne, kowane tsabar zinariya da aka fito da shi daga kogo maki ɗaya ne. Wato wanda ya riƙe fitila, ya auna ƙasa da sanda don gano tarko, ya ɗauko buhu a ka, ya yi aikin da ake biya. Ga kuma barori: manyan jarumai kan ɗauki yara su riƙa bin su, suna samun ɗan rabo suna girma a hankali, in ubangidan ya mutu sai ɗan wasa ya koma kan yaron, wanda ya riga ya san hanya kuma ba ɗanye ba ne. Dokar "kowa daga ɗaya" tana zaune ne a kan waɗannan duwatsun murhu. Mu kuwa mun ɗauko tukunyar mun bar duwatsun.

Don wasan ya sauya. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin da ya fara buga wasan, a 1997, ya fitar da bugu na uku a 2000, aka haɗe tsanin kowa ya zama ɗaya. Daga nan aka riƙa auna ƙarfin dodanni da matakin ƙungiya. Bugu na biyar na 2014, wanda muke yi, an gina shi ne a kan mutum huɗu ko biyar da ke haɗuwa kowane mako, suna bin labari ɗaya, kuma faɗa ɗaya na iya cin awa guda daga cikin awa huɗun zaman. Wanda ba shi da abin yi a faɗa, ba shi da abin yi a rabin daren.

Sai in yi adalci a nan, domin masu ra'ayin a fara daga ƙasa suna da hujjar lissafi ko a bugu na biyar. Matakan farko da sauri ake hawansu: maki 300 na biyu, 900 na uku, 2,700 na huɗu, 6,500 na biyar. Mu da ke bakwai muna bukatar 11,000 kafin mu kai takwas, kuma 11,000 ɗin nan za su kai sabon zuwa mataki na biyar. Haka nan masu tsara bugun sun matse lambobin da ake ƙarawa a kan dayis da gangan: ƙarin ƙwarewa na mai mataki na ɗaya 2 ne, na mai bakwai 3, don haka ƙaramin jarumi na iya samun dodo da sara jefi-jefi. Duk gaskiya ne. Mai jan wasanmu ma abin da ya faɗa ke nan daga baya, ya ce da yaron ya yi haƙuri wata biyu da ya kamo. Matsalar ita ce lissafin ya ɗauka cewa jarumin zai rayu har wata biyun, alhali an matse lambobin sara amma ba a matse jini ba. Kuma ko ya rayu, ba kamowa yake yi ba, matsowa yake yi. Ratar makin da ke tsakaninmu ranar da ya shigo tana nan har ranar da za a rufe labarin. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

A wani wasa irin wannan, Pathfinder na kamfanin Paizo, bugu na biyu da ya fito a 2019, abin ya fi haka tsanani, don a can ana ƙara lambar matakin jarumi kai tsaye a kan sararsa da kariyarsa, kuma duk saran da ya zarce kariya da goma ninki biyu yake ci. Ratar mataki shida a can hukuncin kisa ne. Su kansu masu wasan sun ba da shawarar a riƙe kowa a maki ɗaya, in kuma wani ya zauna baya a riƙa ninka masa rabo har ya kamo.

Hujjar da aka fi jin zafinta ba ta lissafi ba ce, ta zuciya ce. Wani daga cikinmu ya faɗe ta ƙarara: "Ni shekara ɗaya da rabi ina zuwa, ruwa da iska, sai wani ya zo yau a ba shi abin da na sha wahala a kai?" Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, in ji shi. Na fahimci abin da ke ransa, amma ina ganin ya manta abin da aka biya shi da shi. Shekara ɗaya da rabi da ya yi, ba dako ya yi ba, wasa ya yi. Shi ya ga daren da muka ƙone gadar da muke kai, shi ya san dalilin da ya sa sarauniyar garin tashar jiragen ruwa ba ta gaisa da bardena, shi ke riƙe da takobin da muka kwashe zama uku muna nema. Sabon zuwa ba zai taɓa samun waɗannan ba ko an ba shi mataki na ashirin. In an yi barkwancin da ya samo asali tun watan farko, kowa ya fashe da dariya, shi sai yaƙe. Wannan ratar ta ishe shi. Ɗora masa rauni a kai ba ya ƙara wa tsohon ɗan wasa komai, sai ma ya rage masa, tunda yanzu dole mai jan wasa ya zaɓi ɗaya: ko ya sassauta dodanni manya su gundura, ko ya bar su yadda suke ƙaramin ya mutu, ko kuma, abin da aka fi yi, ya riƙa sa dodanni suna kau da kai daga ƙaramin kamar ba su gan shi ba. Yaro ba wawa ba ne. Ya san lokacin da ake lallaɓa shi.

Batun tsohon ɗan wasa da jaruminsa ya mutu shi ya fi ba ni mamaki, don a nan hujjar wahala ma ta faɗi, mutumin ya zo duk zaman da kowa ya zo. Amma tebura da yawa suna da doka cewa sabon jaruminsa zai shigo ƙasa da mafi ƙaramin jarumin ƙungiya da mataki ɗaya, wai don mutuwa ta yi ciwo. Mun gwada wannan ma. Abin da ya biyo baya shi ne kowa ya zama matsoraci. Wa ke mutuwa a wasan nan? Ba mai laɓewa ba. Barden da ya tsaya a bakin ƙofa don sauran su tsere, mai warkarwa da ya ruga cikin wuta ya jawo wanda ya suma, su ne ke mutuwa. Dokar tana cin tarar ainihin halin da ke sa labari ya yi daɗi. Sannan wanda ya dawo da rauni ya fi kowa kusa da sake mutuwa, in ya sake ya ƙara sauka, a haka har ya zama ɗan kallo a labarin da shi ma da shi aka fara. Masu tsara wasan da kansu sun ja da baya daga wannan tunani: a bugun 2003 jarumin da aka dawo da shi daga mutuwa yana rasa mataki ɗaya, a na 2014 sai suka mai da shi kasala ta 'yan kwanaki da ke wucewa da hutu.

Kuma wai sai an rage mataki mutuwa za ta yi ciwo? Duk wanda ya taɓa riƙe jarumi ɗaya shekara guda ya san amsar. Na ga babban mutum, magidanci mai 'ya'ya uku, ya yi tagumi minti goma saboda wani ɗan wada mai gatari da babu shi sai a takarda. Ya rasa sunan, ya rasa alƙawarin ɗaukar fansar da bai cika ba, ya rasa abokan da jarumin ya yi a garuruwa. In ana son hasara ta zahiri a ƙara a kai, ga inda ya dace a taɓa: kayan tsafin da mamacin ya tara ba sa bin sabon jarumi, sunan da ya yi a fada ba ya gadonsa, sarkin da ke buɗe wa wancan ƙofa zai bar wannan a zaure. Jagorar mai jan wasa ta 2014 ma tana da jadawalin kuɗi da kayan da za a ba wanda ya fara a babban mataki, kuma in an bi shi sabon jarumi yakan shigo da abin da bai kai na waɗanda suka daɗe suna tone koguna ba. Ya isa.

Akwai masu tsoron cewa in babu tara, mutane za su riƙa tura jarumansu rami da gangan duk lokacin da suka gaji da su. Wanda ya gaji da jaruminsa a bar shi ya ajiye shi cikin mutunci, ya yi aure ya buɗe shago a labarin, a kawo wani. Wanda kuma ke canjawa kowane wata, magana ake yi masa a waje, ba doka ake kafa wa kowa saboda shi ba.

Hujja ɗaya ce nake sara wa, kuma ita ce ta sa ban ce mai jan wasanmu ya yi kuskure ɗari bisa ɗari ba. Matakan farko makaranta ce. An tsara su ne don mutum ya koyi abu ɗaya kafin a ƙara masa na biyu. Matsafi mai mataki na bakwai a dokokin 2014 yana da aƙalla tsafi 18 a littafinsa, yana zaɓen kusan goma sha ɗaya kowace safiya, yana lissafin sau nawa ya rage masa a kowace darajar tsafi. Ka miƙa wa wanda bai taɓa riƙe dayis mai fuska ashirin ba wannan takarda, kamar ka ba ɗan koyon tuƙi tirela ne a cikin kasuwa. Zai daskare, kowa na jiransa, kunya ta kama shi. Wannan matsala ce ta gaske. Sai dai maganinta sauƙi ne, ba rauni ba, kuma mutane na rikita biyun. A ba shi barde mai mataki na bakwai, wanda aikinsa sara biyu ne a kowane zagaye da jini mai yawa da zai yafe masa kurakurai. In ya nace sai matsafi, a rubuta masa tsafi huɗu ko biyar a kati, sauran a buɗe masa su sannu a hankali. In akwai hali, mai jan wasa ya ware yamma ɗaya shi da baƙon da wani tsohon hannu ɗaya, su buga tarihin jarumin a matakan farko, kamar waiwaye, har zuwa ranar da ya haɗu da ƙungiya. Ya koyi wasan, ya kuma zo da labarin da shi kaɗai ya sani, wanda sauran za su so ji.

Ban kuma ce a ko'ina haka ne ba. Akwai masu buga tsoffin dokoki har yau, da masu buɗaɗɗen tebur inda duk wanda ya samu zuwa ya shiga, ana fita daga gari ɗaya ana komawa, ƙanana su zaɓi kogon kusa, manya su nufi na nesa. A can farawa daga ɗaya shi ne daɗin abin, kuma in na je zan karɓi fitilata in bi baya ba gardama. Wasan Dungeon Crawl Classics na 2012 ma ƙasa da ɗaya yake farawa: kowa ya riƙe talakawa uku ko huɗu marasa mataki, manomi da maƙeri da mai kiwo, a tura su rami, wanda ya fito da rai shi ne jaruminka. Amma a lura, kowa tare yake shiga ramin. Duniyar labari ta Dark Sun da aka fitar wa wasan namu a 1991 kuwa, da masu ita suka ga ta yi tsanani, sai suka ce kowa ya fara daga mataki na uku, ya kuma tanadi jarumai huɗu da zai riƙa musanyawa, don in ɗaya ya faɗi akwai na jiran gado. Ko su da suka yi suna wajen kisa sun san ba a barin mutum zaune hannu rabbana.

Tebura da yawa yanzu sun daina ƙirga maki ma gaba ɗaya, mai jan wasa ne ke cewa kowa ya hau mataki idan an kai wata gaɓa a labari. Mu ma can muka koma daga baya, kuma da muka koma sai gardamar ta mutu da kanta, don ba wanda zai iya nuna makin da ya ce an ci masa.

Yaron bai dawo Asabar ta gaba ba, yayansa ya ce karatu ya yi masa yawa. Bayan kusan wata huɗu na ci karo da shi, na ce, "Ƙane, ka guje mu." Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ban ga abin da nake yi a wurin ba." Na ce ya dawo, an sauya doka. Ya ce zai duba. Sai daga baya na ji ashe ya tara abokansa huɗu na makaranta, shi ke ja musu wasa ranar Juma'a da yamma, kuma sarkin matsafan duniyar da ya gina musu sunan wancan matsafin nasa mai jini 8 yake ɗauke da shi.